Darasi Na Tara: Ɗaura Sandunan Kuloci Na Kasuwa A Tsohuwar Babbar Mota

Garin Jere, a ƙaramar hukumar Kagarko ta jihar Kaduna, mararraba ce. Babban titin Abuja zuwa Kaduna ya bi ta nan, wata hanya ta ɓalle ta nufi Bwari, wata kuma ta yi gabas ta ratsa Kwoi har Kafanchan. Tun 2016 jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna yake bi ta Jere, amma mutane yake kwasa. Buhunan citta na Kubacha da Kwoi, da doya, da masara, da gawayi, da yashin tifa, duk a kan taya suke tafiya. Da yawa daga motocin da ke wannan dako sun girmi yaran da ke binsu. Akwai Marsandi mai gajeren hanci, wadda ake kira 911 ko roka, da aka fara ƙera danginta a Jamus a 1959 aka ci gaba har 1995, kuma daga farkon shekarun 1980 kamfanin ANAMMCO ya riƙa harhaɗa manyan motocin Marsandi a Inugu. Akwai tsofaffin DAF da MAN da Mack, da kanta, da ɗaiɗaikun Bedford da suka ƙi mutuwa.

Motar da ta kai shekara talatin ko arba'in, da wuya ka samu kayanta na asali sabo a kwali. Abin da za ka tarar a Fanteka a Kaduna, ko Zuba, ko Ƙofar Ruwa a Kano, iri uku ne: ɗan Beljiyam da aka ciro daga wata motar, sabo wanda wani kamfani dabam ya kwaikwaya a Sin ko Indiya ko Turkiyya ko Nnewi, sai kuma wanda mai injin tona da mai walda suka ƙera maka a gida. Na biyun nan shi muke kira na kasuwa a wannan darasi. Ba duka ne jabu ba. Akwai mai kyau ƙwarai a ciki. Matsalarsa ita ce sau da yawa an yi shi ne don ya shiga motoci da dama, saboda haka ba lalle ya zauna daidai a taka ba.

A ƙarshen darasin ana so ɗalibi ya iya bambance ciwon sanduna da ciwon faifai, ya iya auna sabon kaya kafin ya biya kuɗi, ya kuma ɗaura ya saita.

Abin da ke tsakanin ƙafa da faifai

Faifan kuloci yana matse tsakanin fulawul da faranti mai matsi. Muddin yana matse, inji yana juya giyabos. Idan direba ya taka feda, ana tura wani boris ya danna yatsun farantin, matsin ya saki, inji ya rabu da giya. Darasinmu bai shafi faifan kansa ba. Ya shafi abin da ke ɗauko ƙarfin ƙafa daga cikin kan mota ya kai shi ga wannan boris.

A tsofaffin motoci hanya uku ake bi. Wasu sandunan ƙarfe ne zalla: feda tana ja ko tura sanda, sandar ta juya wata sandar gicciye mai hannu biyu, hannu na biyu ya tura wata sandar, ita kuma ta tura fok, wato ƙarfen nan mai yatsu biyu da ke riƙe da boris. Kowace mahaɗa tana da rami da fin, wasu da bushin, sannan akwai sifirin da ke dawo da feda sama. Wasu motocin, musamman ƙanana, waya suke amfani da ita. Wasu kuma man birki ne ke aikin, daga mastar sama zuwa mastar ƙasa, a manyan cikinsu har da taimakon iska. Leƙa ƙarƙashin motarka ka ga wacce ke gare ka, domin ko a cikin iri ɗaya ana samun bambanci daga shekara zuwa shekara. Za mu daɗe a kan mai sanduna, don wanda ya gane ta ya gane sauran.

Ɗan lissafi

Duk wanda ya taɓa ɓanɓaro dutse a gona da dogon ƙarfe ya san dokar: hannunka ya yi tafiya mai nisa da ƙarfi kaɗan, bakin ƙarfen ya yi tafiya kaɗan da ƙarfi mai yawa. Sandunan kuloci a kan wannan doka aka gina su.

Mu ɗauki misali da lambobi masu sauƙi. A ce feda tana tafiyar milimita 150 daga sama zuwa ƙasa, boris kuma yana tafiyar milimita 15. Ke nan kowace milimita 10 a feda, milimita 1 ce a boris. Daga cikin 15 ɗin nan, 3 na farko rata ce da aka bari da gangan tsakanin boris da yatsun faranti, don kada ya riƙa juyawa yana ci alhali ba a taka ba. Wannan rata ita direba yake ji a ƙafarsa a matsayin wasan feda, kimanin milimita 30 na farko da feda ke sauka ba nauyi. Saura 12 su ne ke sakin faifai.

Yanzu a ce ramuka sun faɗaɗa, fina-finan mahaɗa sun siranta, bushin ya cinye, har sakwarkwacewar duka ta kai kwatankwacin milimita 4 a wajen boris. A feda milimita 40 ke nan sun tafi a banza. Daga 15 a cire 3, a cire 4, saura 8. Faifai ba zai saki sarai ba. Giya za ta riƙa kuka, ribas ta ƙi shiga, mota ta riƙa jan jiki a tsaye ko da an taka har ƙasa.

Sabon kaya ma yana iya jawo irin wannan asara ba tare da ya ci ko kaɗan ba. A ce hannun sandar gicciye da ke karɓar sanda daga feda, tsayinsa daga tsakiyar sanda zuwa tsakiyar rami milimita 100 ne a na asali. Na kasuwa ya zo da 115. Da ido ba za ka ga komai ba. Amma tafiyar boris ta ragu daga 15 zuwa kimanin 13, a cire rata, saura 10. Direba zai ma yaba maka a ranar farko, ya ce feda ta yi laushi. Kwana kaɗan zai dawo da kukan giya. Idan kuwa hannun ya zo gajere, a ce 85, tafiyar ta haura 17: feda ta yi tauri, boris kuma ya riƙa danna yatsun faranti fiye da ƙima har su lanƙwashe. Tsayin sanda ana iya ƙara shi ko rage shi da noti. Nisan rami daga tsakiya ba noti da ke gyara shi. Wannan shi ne wurin da aka fi yin hasara, kuma shi ne wurin da aka fi rainawa.

Kafin a sayi komai

Akwai ƙa'ida guda da za ta hana ka sauke giyabos a banza. A yawancin motocin nan, cin faifai yana rage wasan feda, cin sanduna kuwa yana ƙara shi. Idan wasa ya ɓace, inji yana ihu a hawa mota ba ta gaba, ga ƙauri, faifai ne ke suɓucewa, ko an ɗaure sanda ta yi yawa. Idan wasa ya yi yawa, giya na kuka, fara duba mahaɗai.

Sa yaron mota ya riƙa taka feda a hankali da inji a kashe, kai kuma ka bi mahaɗai ɗaya bayan ɗaya da yatsa a kai. Inda sanda ta motsa amma abin da ke gabanta bai motsa ba tukuna, nan ɓarnar take. Dubi maƙalin da ke riƙe da sandar gicciye ko ya tsage. Sannan dubi robobin da inji ke zaune a kai. Mutane suna mamakin wannan, amma dalilin a fili yake: gefe ɗaya na sandunan a jikin shasi yake, ɗayan a jikin inji. Idan robar inji ta mutu, inji ya sauka ko yana rawa, saitin kuloci zai riƙa canzawa da kansa, mota ta riƙa kakkarwa wajen tashi. Ramukan hanyar Kwoi da damina suna gama robar inji da wuri. Ka ɗaura sanduna sababbi fil a kan mataccen mazauni, ka zubar da kuɗin mai mota.

Tun da cutar citta ta 2023 ta karya manoman kudancin Kaduna, masu motocin da ke dogara da wannan dako ba su da rarar da za a yi gwaji da ita. Bakanike mai amana yakan gaya wa mai mota gaskiya idan fin biyu da bushin kawai ake bukata.

A kasuwa

Kada ka je da baki kawai. Tafi da tsohon kayan a hannu, da lambar shasi a rubuce, da ma'auni. Kafin ka kwance, ɗauki hoto da waya daga ɓangarori biyu, ka auna tsayin kowace sanda daga tsakiyar rami zuwa tsakiyar rami, ka rubuta.

Za ka ji irin wannan zance a gaban shago:

"Oga, ɗauki kawai. Wannan kowace roka yana shiga."

"To maigida, ba na musu. Bari dai in ɗora shi a kan tsohon, idona ya gani."

Ɗora ɗin shi ne aikin. Zura fin ɗaya ta ramin tsoho da sabo tare, ka ga ko sauran ramukan sun haɗu. Ka tuna tsohon ramin ya faɗaɗa ta gefen da ake jansa, saboda haka daga gefen da bai ci ba za ka kimanta tsakiya. Duba lanƙwasar sanda: an yi ta ne don ta kauce wa sitiyari ko salansa ko bututun birki, kuma idan ta kauce da yatsa ɗaya tana iya gugar wani abu. Duba kusurwar da ke tsakanin hannaye biyu na sandar gicciye. Duba kauri. Sandar da ake turawa, in ta siranta, lanƙwashewa take yi a ƙarƙashin ƙafa, ta cinye tafiyar da boris ke bukata. Duba walda: mai kyau tana kwance sumul ta narke cikin ƙarfe, marar kyau tana tsaye tsibi-tsibi an lulluɓe ta da fenti.

Sai zare. Motocin Jamus da Holan da Japan zarensu na milimita ne. Tsofaffin Bedford da Leyland na Ingila, da Mack ta Amurka, galibi na inci ne. Akwai notin da zai hau zagaye biyu kamar gaske sannan ya cije. Kada ka tilasta shi da sifana, zaren za ka kashe. Noti mai kyau da yatsu yake hawa har ƙarshe. A kan ƙusoshin milimita akwai lamba, 8.8 ko 10.9, mai nuna ƙarfin ƙarfen. Wadda ba ta da lamba ko kaɗan, kada ta kusanci maƙalin kuloci. Kwali mai kyau da tambari ba shaida ba ne, don kwali ya fi ƙarfe sauƙin kwaikwayo. Ka kuma yi magana da mai shago tun kafin biya cewa in bai zauna ba za ka dawo da shi.

A ganina, idan aka samu ɗan Beljiyam na asali wanda ramukansa ba su ci ba, ya fi sabo marar suna, musamman a sandar gicciye da fok. Fin da bushin da sifirin kuwa, sababbi za a saya.

Ɗaurawa

Ajiye mota a wuri mai shimfiɗe, a ja birkin hannu, a sa waigi gaba da bayan taya, giya a firi, makulli a aljihunka, a cire kan batir. Idan kan motar mai kifawa ne, a tokare shi. Ba a shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita. Baƙar ƙurar da ke cikin gidan kuloci kada a hure ta da baki ko da iska, domin tsofaffin faifai da wasu masu arha suna ɗauke da asbestos, wanda ke lalata huhu bayan shekaru. A goge da jiƙaƙƙen tsumma.

Fara cire sifirin, da filaya, fuska a gefe. Sannan fina-finan mahaɗa, sannan sanduna. Jera su a ƙasa yadda suke a mota. Wanke mazaunin bushin, ka shigar da sabo da matsi a hankali, ba da dukan guduma kai tsaye ba. Shafa giris kaɗan a kowane fin. Kaɗan aka ce: da rani ƙurar hunturu tana haɗuwa da giris mai yawa ta zama abin da ke cin ƙarfe, kuma giris ko ɗigo ɗaya bai kamata ya kai ga faifai ba.

Saita sabuwar sanda a tsayin da ka rubuta, ka ɗaura komai sako-sako tukuna. Kowane fin ya shiga da turin babban yatsa. Idan sai ka karkato sanda da ƙarfi kafin rami ya haɗu, wani abu bai daidaita ba, kuma zai riƙa cijewa. Taka feda da hannu har ƙasa ka saki, ka ga ba inda ke guga, sannan ka ɗaure maƙalai. Zaren sanda ya shiga cikin bakinta aƙalla gwargwadon kaurin sandar. Idan sai ka warware har saura zagaye biyu ko uku kafin ta kai, sandar ta yi gajarta, mayar da ita.

Kowane fin a sa masa washa da kotafin sabo, a buɗe ƙafafunsa. Ƙusar kafinta da wayar ɗauri ba kotafin ba ne. Direban da fin ya zame masa a Hawan Kibo da lodi a baya ba zai iya canza giya yadda ya saba ba, a daidai wurin da giya ce ke riƙe masa mota.

Game da yanke sanda a ƙara mata ƙarfe da walda: ana yi, kuma wani lokaci a daji ba makawa. Amma gyaran isa gida ne. In dole ne a bar ta haka, a zura mahaɗar cikin ɗan bututu mai kauri a yi walda baki biyu, kada a haɗa baki da baki kawai.

Saiti

Mayar da sifirin. Kwance notin kulle na sandar da ke kusa da fok. Juya sandar har boris ya taɓa yatsun faranti, za ka ji wasa ya ƙare, sannan ka dawo da ita baya har a samu rata. Idan kana da littafin motar, bi lambarsa. Idan babu, a irin waɗannan motoci ratar boris takan kasance wajen milimita 3, wasan feda kuma tsakanin 25 da 40. Auna da ma'auni daga daɓen mota zuwa feda, kana dannawa da hannu, don ƙafa ba ta jin iyakar wasa kamar hannu. Ɗaure notin kulle ka sake aunawa, domin ɗaurewar kan ɗan canza shi.

Akwai wata al'ada da ya kamata a bari. Direba ya ce yana son kuloci ya kama daga sama, sai a ɗaure sanda har wasa ya ɓace. Boris zai kwana yana juyawa, ya yi zafi ya fara kuka, faifai kuma bai samun cikakken matsi. Sai ga shi an sauke giyabos saboda noti ɗaya.

Masu aiki da Mack da sauran manyan motocin Amurka su lura: kulocinsu jan boris ake yi, ba tura shi ba, kuma idan faifai ya ci, daga jikin faranti ake saitawa ta tagar ƙasan gidan kuloci, har ratar da ke bayan boris ta dawo kimanin rabin inci. Ba a biyan cin faifai da sanda a waɗannan.

Idan mai man birki ce

Dokar lissafin nan ba ta canza ba, sai dai faɗin ramin masta ne ya maye gurbin tsayin hannu. Mastar sama mai ƙaramin rami tana ba da feda mai laushi da tafiyar boris kaɗan, mai babban rami tana ba da tauri da tafiya mai yawa. Ana yawan buga faɗin a jikin masta, ka gwada da na tsohuwar. Tsakanin sandar feda da fistan a bar ɗan wasa, kimanin milimita 1. In babu shi, fistan ba zai koma ƙarshe ba, ƙofar da mai ke komawa tanki ta toshe, kuloci ya fara suɓucewa da zarar mota ta ɗau zafi. Zuba man da aka rubuta a murfi, galibi DOT 3 ko DOT 4. Baƙin mai ko man giya yana kumbura robobin cikin kwana kaɗan. Fitar da iska daga mastar ƙasa, mutum ɗaya na takawa ɗaya na buɗewa da rufewa, kada a bari tanki ya ƙafe a tsakiyar aiki.

Gwaji

Tayar da inji, waigi na nan. Taka feda har ƙasa, ƙirga uku, sa ribas. In ta shiga shiru, faifai yana saki. Sannan da birkin hannu a ja, sa babbar giya ka saki feda a hankali: inji ya mutu nan take. In ya ci gaba da juyawa, faifai na suɓucewa, kada ka maimaita gwajin. Bayan haka a fita da mota da ɗan lodi zuwa wani hawa. Gaya wa direba ya dawo bayan tafiya ɗaya ko biyu a sake auna wasa, don sababbin bushin sukan zauna, ya kuma cire ƙafarsa daga kan feda idan ba canjin giya zai yi ba.

Aikin yi

1. Wata tifa fedarta na tafiyar milimita 160, boris na tafiyar 16. An bar rata ta milimita 3. Nawa ne wasan feda, kuma milimita nawa suka rage na sakin faifai?
2. An kawo maka kanta daga Kafanchan, wasan fedarta ya ɓace kuma tana ƙauri a hawa. Wata kuma daga Tafa, wasanta ya kai rabin tafiya, ribas na kuka. Wacce za ka fara duba sandunanta, kuma don me?
3. Ku kasu uku-uku ku je garejin da ke kusa. Da izinin maigidan garejin, ku auna tsohuwar sandar kuloci da sabuwarta: tsayi, kauri, faɗin rami, da nisan rami daga tsakiya. Ku rubuta a layi biyu ku kawo aji mako mai zuwa.